Laimar da Mama ta ci

Zuwa ga Maɗaukaki, Mai Alfarma, Babban Ma'aunin Gamsuwar Majinyata, Shugaban shirin duba marasa lafiya ta wayar salula a yankin Kafanchan, wanda daga kan kujerarsa yake ganin bugun zuciyar talakawa a fuskar kwamfuta.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa irin wadda ta dace da ƙasaitar ofishinka, ni ne Danladi daga Madakiya, ɗan marigayiya Saratu mai noman citta, wadda na'urarku ta yi wa shaidar cewa ta fi kowa ba da haɗin kai.

Na farko. An sa Mama a shirinku saboda hawan jini. Kowace Laraba wata murya ta mace takan kira ta ce, in da sauƙi a danna ɗaya, in babu sauƙi a danna biyu. Mama takan gyara ɗankwali kafin ta ɗauka. Na bayyana mata da dukan ilimina cewa na'ura ce, ta ce na'ura ba ta gaisuwa da ladabi haka. Ta sa mata suna 'yata.

Na biyu. A wurinmu, ranka ya daɗe, in an tambayi mutum yaya jiki, da sauƙi yake cewa, ko da mutum biyu ne suke riƙe da shi. Ƙafafun Mama suka kumbura, ta daina zuwa gona, ta daina zuwa zumuntar mata a coci, amma ɗaya take dannawa. Na roƙe ta ta danna biyu. Ta ce, "Yarinya ta kira ta gaishe ni, sai in sa a kore ta daga aiki, a ce ba ta iya ba?" Daga baya na ji cewa nas ba ta neman kowa sai wanda ya danna biyu. Saboda haka babu ɗan Adam ɗin da ya taɓa neman Mama.

Da daminar bara muka ɗora ta a babur zuwa asibiti a Kafanchan, ni a baya ina tallafe da ita. Ba mu dawo tare ba.

Na uku. Ba a daɗe da jana'iza ba saƙonku ya shigo, yana taya ta murna: ba ta taɓa ƙin ɗaukar waya ba, ba ta taɓa kuka da aikinku ba, don haka ta ci kyautar laima. Na je karɓa, aka ce ƙa'ida ita ce mai ita ta zo da kanta.

Har yau muryar tana kira. Baba ne yake ɗauka, ya danna ɗaya, wai kada sunan matarsa ya ɓaci a wurin hukuma. Shi ma yanzu an sa shi a shirin, kuma na san abin da yake dannawa.

Ina roƙo, cikin ƙanƙan da kai, in tsoho ya daɗe yana danna ɗaya, a sa mutum mai rai ya kira shi. Kada a tambaye shi jiki. A tambaye shi ko ya je gona, ko ya je sujada ran Lahadi. Wannan ba zai ɓoye ba.

Amma ainihin abin da ya sa na tayar da duk wannan Hausa, ranka ya daɗe, laimar ce. Kowace Lahadi bayan sujada Baba yakan tsaya a kabarinta, ka kuwa san ruwan ƙasarmu. Ya ƙi karɓar tawa. Ya ce ta Saratu yake jira.

Ubangiji ya ƙara maka lafiya, ya ba ka masu tambayarka sau biyu in ka ce da sauƙi.

Wassalam, iyakar kukana ke nan.

Danladi, Madakiya