Hasken da Aina'u Ta Rage

Gidan Tsamiya, Ɗanbatta.
Lahadi.

Zuwa ga ƙanina Malam Abdulrashid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka a can Nguru. Yaya ƙafar taka? Mu nan sai godiya, an cire gyaɗa, gero ma ya shiga rumbu. Tunda kunnenka ya daina jituwa da waya, ga takarda ta hannun direba.

Ƙarar 'yarka Aina'u na kawo maka. Ka san Najib shi ne kaɗai abin da marigayi ɗana Kamaruddeen ya bar mini, ko makaranta bai isa shiga ba. Ya faɗo daga amalanke ranar kwasar gyaɗa, tun daga nan yake riƙe kai yana kuka. Na ɗauke shi da uwarsa Ramlat muka nufi asibitin birni, inda Aina'u take aiki da injin hoton kai da suke kira siti. Da gadarata na shiga, ina taƙama muna da 'ya a gidan.

Ashe kunya na je kwasowa. Da bakinta, har da murmushi, ta ce in kwantar da hankalina, injin zai auna kan yaron da kansa ya rage haske daidai ƙanƙantarsa. Ragi! Na tsufa ina awo a kasuwar Dawanau, ban taɓa ganin wanda ya tauye mudu kuma ya yi shela ba. Na ce a ba shi irin na manya. Ta ce wai hasken nan ratsa nama yake yi, ɓarnarsa taruwa take, kuma jikin yara ya fi saurin cutuwa, ɗan abin da injin ya zaɓa ya ishi likita ya ga komai. Hoto ya fito duk tsaki-tsaki. Likita ya duba ya ce ba komai, buguwa ce, a bar yaro ya huta. To ina za a ga wani abu? Wa ya taɓa neman allura da fitilar da aka rage wa lagwani?

Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba. Ka ja mata kunne. A gaida mutanen gida.

Yayanka,
Abdulƙadir.

Gidan Tsamiya.
Laraba.

Ƙanina abin ƙaunata,

Aminci ya tabbata a gare ka. Ina gajiya, ina fama da jama'a? Amsarka ta zo, na karanta, na kuma ji zafi. Wai in saurari masu ilimin abin. Kai da ko keke ba ka iya gyarawa, yau kai ne lauyan inji?

Ban jira ka ba. Na koma asibitin na tsaya a tsakiyar layin marasa lafiya, na faɗa da ƙarfi cewa a ɗakin nan ana tauye wa marayu haske. Mata suka fara janye 'ya'yansu daga layi. Shugaban asibitin ya fito yana ba ni haƙuri yana kare 'yarka, amma da hayaniya ta yi yawa sai suka ce ta zauna a gida har ƙura ta lafa. Wallahi ko a jikina.

Allah ya haɗa ni da wani gidan hoto a bayan gari, mai shi yaro ne mai ladabi, ba ya musu da dattijo. A gabana ya kashe abin da yake ragewar, ya murɗa injin har ƙarshe, ya maimaita a zama ɗaya sau ba adadi don in gamsu. Hoto tas, kamar ka taɓa. Shi ma bai ga ciwon ba tukuna, ya ce mu riƙa dawowa, muna kuwa komawa.

Shekaranjiya 'yarka ta zo har gida. Ta durƙusa a ƙofar zaure muna ɓarar gyaɗa da maƙwabta, na bar ta a durƙushe har muka gama buhun. Na ɗauka aikinta ta zo roƙo. Ina! Cewa take, Baba ka tsine mini in kana so, amma don Allah kada a sake sa Najib a injin nan. Har da hawaye. Na ce ta tashi ta ba mu wuri, wadda ta yi wa maraya rowa ba ta da bakin magana a kansa. Na hana a ba ta ko ruwa, ta bi hanyar tasha a ƙasa.

Ramlat ma ta fara ɗaukar karatunta, wai yaro ya warke tun tuni, yana wasa yana cin tuwo. Ni na san ciwo ɓuya yake yi. Haka ubansa ya yi ta dariya har ranar da ya faɗi, ba zan sake binne wani ina kallo ba.

Ka sa mu a addu'a.

Naka har kullum,
Abdulƙadir.

Gidan Tsamiya.
Talata.

Malam ƙanina,

Sallama da gaisuwa irin ta zumunci. Ina fata sanyin bana bai tayar maka da ƙafar ba. Na ji ka ce za ka taso. Kada ka wahalar da kanka, albishir zan yi maka.

Haske ya fara kama ciwon. Ranar Juma'a Ramlat tana yi wa Najib wanka sai gashi ya biyo hannunta. Ya zube a zagaye, daga goshi ta saman kunnuwa har ƙeya, kamar an ɗaura masa zare, fatar wurin ta yi ja. Daidai inda injin yake bi ke nan. Na yi hamdala, don da 'yarka ta yi haka tun farko da yanzu an wuce wurin.

Ita kuwa uwar ta ɗora hannu a ka tana kururuwa wai na ƙona mata ɗa. Bayan azahar ta goya shi ta bi ta cikin karan dawa za ta gudu birni wurin Aina'u. A bakin rafi na tare ta. Na kwance goyon da hannuna, na ce ta wuce gidan ubanta ita kaɗai, jinin Kamaruddeen ba ya barin gidan nan. Ta riƙe mini ƙafa, na fizge. Har yanzu kullum tana zuwa ta tsaya a bayan danga tana kiran sunansa, na sa a rufe ƙofar baya.

Yanzu a ɗakina yake kwana, ni nake ba shi fura da kaina. Na saya masa hula saboda bakin mutane. Mai hoton ya tsorata da ya ga kan, ya fara kame-kame wai a dakata, na ce ba shi ya haifa mini ba. Jibi Alhamis za mu koma, in Allah ya kai mu.

Najib yana gaishe ka. Ya zama jarumi, ya daina kuka in an kwantar da shi a injin. Riƙe ɗan yatsana kawai yake yi, ya ce, Kaka, in na yi shiru za ka kai ni wurin Umma? Ni kuwa in ce masa e.

Wassalam, yayanka mai ƙaunarka,
Abdulƙadir.