Rigar Kawun Ukasha

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024

Malam Abdulmumini ya kira ni ina tsakiyar zaɓen hoton shafin farko. Da na ga sunansa a waya sai da na miƙe tsaye kafin na ɗauka, kamar yana ganina. Mutumin da ya fara da ɗaukar wa masu kyamara kaya a gidan talabijin, ya zama mai ɗauka, ya zama mai tace fim, yanzu kuma rabin shekararsa a hanya yake yin ta, daga wannan gasa zuwa waccan, yana alƙalanci.

Ya ce matasan masu ɗaukar hoto na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa sun haɗa gasar hoto da gajeren bidiyo, shi ne shugaban alƙalai, kuma yana son editar hotuna ta gidan jarida a teburin. "Ramla, ke 'yar Bebeji ce, ba sai an yi miki bayanin abin da ke cikin hoto ba."

Na ce zan duba lokacina. Wane lokaci! Ina ajiye wayar na rufe ƙofar ofis na yi ta murmushi ni kaɗai har kumatuna suka gaji.

Alhamis, 17 ga Oktoba

An turo ƙa'idoji. Rukuni uku: hoton situdiyo, gajeren bidiyo, da hoton zahiri. A na zahiri an yarda a ƙara haske ko a rage, an yarda a yanke gefe. Ba a yarda a cire wani abu ko a ƙara ba. Dokarmu ta gidan jarida ke nan sak. Wanda ya zo na ɗaya zai samu kyamara, kuma za a rataye hotonsa a baje kolin Kano.

Na dawo ina karanta yadda manyan gasanni na duniya suke tace hotuna. Na fi kowa ɗoki, kuma ba wanda ya sani.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Bebeji. Na kwana a gida, Inna ta gaya wa duk unguwa cewa an naɗa ni alƙaliya. Wata tsohuwa ta zo da maganar iyakar gona.

Zaman farko a ɗakin taron wata makaranta: janareta, majigi, labule a tagogi. Mu uku ne. Ta ukun Hajiya Safara'u ce, mai fina-finan tarihin al'umma, wadda take koyarwa kuma ta yi alƙalanci har a ƙasashen waje. Ta zo da goronta da ƙaramar fitila. Ba a nuna mana sunan kowa, hoto ne kawai yake fitowa a bango.

Darasin Malam kafin a kunna majigi: kada ki ci abincin ɗan takara, kada ki fara magana, kuma kada ki amince da hoton da ya sa ki kuka sai kin sake kallonsa bayan kin ci abinci. Hajiya ta ce, "Na ƙarshen nan don cikinsa ya ƙirƙiro shi."

Mun gama rukunin situdiyo da na bidiyo. Akwai wani faifai daga Doguwa, garken shanu na tsallake rafi, mai ɗaukar bai motsa hannunsa ba ko kaɗan. Na so in tafa. Na tuna ni alƙaliya ce, na rubuta maki.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Yau na ga hoton.

Dattijo a gonar shinkafa, ya ɗaga dami sama da hannu biyu zai buga a jikin duro. Ƙwayoyin da suka tashi daga bugun baya suna nan rataye a iska, hasken hantsi ya kama su ɗaya bayan ɗaya. Bakinsa a buɗe, ko waƙa yake ko nishi. Malam ya karya dokarsa, shi ya fara magana: "To, sauran sai su nemi na biyu."

Ni ma na ba shi cikakken maki. Amma hannuna ya saba, duk hoton da na so sai na faɗaɗa shi. Na karɓi kwamfutar na ja shi har zaren rigar ya fito. Riga ce mai ratsi shuɗi. A ƙarƙashin hammata ta dama ratsin ya maimaita kansa, har wani ɗan tabon laka ya fito sau biyu, iri ɗaya, kusa da juna. Laka ba ta yin haka.

Na nuna musu. Hajiya ta sa tabarau ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo ta kalle ni, wani irin kallo da ban saba samu daga manya ba. "Wa ya koya miki wannan?" Na ce teburin labarai. Ta ce akwai wata gasa a Abuja farkon shekara da suke neman ido irin wannan.

Ba zan yi wa littafin nan ƙarya ba, na ji daɗi sosai. Daɗin kama shi ya fi daɗin ganinsa. An yanke cewa sai mun ga hoton asali. Masu shirya gasa suka buɗe sunan: Ukasha, mai situdiyo a Tudun Wada. Ni aka wakilta in je in gani.

Talata, 5 ga Nuwamba

Tudun Wada. Shagon ɗaki ɗaya ne, labulen furanni a bango, kujerar amare, hotunan 'yan makaranta. Ukasha zai kai shekara talatin, yana da fara'a, yana ta goge min kujera da hannun rigarsa. Ya aika a sayo lemo, na ce na gode, ba na sha. Dokar Malam.

Na shirya tambayoyi kamar mai bincike, ban yi amfani da ko ɗaya ba. Ina cewa ina son ganin hoton asali ya buɗe shi da murna. Dattijon kawunsa ne, Kawu Shitu na Burumburum, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa. A asalin, rigar ta yage daga hammata har haƙarƙari, ana ganin fatar tsohon da ƙasusuwansa.

Ya jera hotunan biyu yana dariya. "Malama, kin ga ɗinkin? Wallahi ko telan bakin kasuwa sai ya sara min."

Na ce masa ƙa'ida ta hana cirewa da ƙarawa. Ya ce ai bai cire komai ba, gyara ya yi. A sana'arsu ba a miƙa wa mutum hoto ba gyara. Ango ya zo da ƙuraje a goge, yaro ya zo da maɓalli a tsinke a mayar. Wanda ya ba da hoto yadda kyamara ta tofo shi, ko dai rago ne ko ya raina mai hoton. Ya karanta ƙa'idar, ya ɗauka ana nufin masu sa mutum a gaban jirgin sama ko gidan bene.

Ba wayo yake min ba. Na yi shekaru ina sauraron masu wayo, na san muryarsu.

Abin haushin, asalin ya fi kyau. Yagewar nan ita take faɗin nauyin damin.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Mun yi magana mu uku ta waya. Hajiya ta ce a mayar da shi rukunin situdiyo, inda aka yarda da gyara. Malam ya ce an riga an rufe wancan, an sanar da masu shirya gasa, ba za a ƙwace wa wani don a ba wani ba. Na ce to a ba shi dama ya sa asalin a madadin wanda ya gyara. Duk muka yarda cewa asalin ma shi zai zo na ɗaya.

Na kira Ukasha da kaina, ina jin kamar mai kai albishir. Ya ce zai je Burumburum wajen Kawu tukuna.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Bai kira ba. Na duba waya fiye da yadda ya kamata.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Ya kira bayan an sauko daga masallaci. Na tambaya ko Kawu ya ƙi. Ya ce bai ma tambaye shi ba. Ya je, ya nuna masa wanda aka gyara, tsohon ya yi ta dariya yana kiran jikoki su zo su ga ya yi sabuwar riga. Daga nan Ukasha ya mayar da wayarsa aljihu.

"Da na roƙe shi zai ce to, Malama. Shi ya sa ban roƙa ba. Mutumin da yake limanci in liman ba ya nan, in rataye shi a Kano haƙarƙari a waje, 'yan birni suna cewa kai, hoton ya yi kyau?"

Na ce masa ba wanda zai raina shi, aiki ne ake girmamawa. Na kawo misalan hotunan manoma da suka zagaya duniya. Ya saurare ni har ƙarshe, da ladabi. Ya ce, "Su ma da 'yan'uwansu ne suka ɗauka, da sun gyara." Sannan ya tambaya ko kyamarar da za a bayar mai canza gilashi ce. Na ce e. Ya ce, "Allah sarki." Ya yi godiya ya kashe.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ranar sanarwa. Ɗaki ya cika har waje, 'yan Kiru sun zo da makaɗa. Kafin a fara muka kaɗa ƙuri'a a kan hoton, ni na fara ɗaga hannu a cire shi. Har yanzu ina ganin daidai ne. In aka bar ɗinki yau, gobe wani zai goge mutum sukutum ya ce gyara ne.

Na ɗaya ya tafi ga wata budurwa daga Ba'awa, hoton mata a layin injin niƙa. Hoto ne mai kyau, ta cancanta, kuma ihun da ƙawayenta suka yi sai da ya rufe ƙarar janareta. Ni na miƙa mata kyamarar.

Ukasha ya zo. Shi masu shirya gasa suka ɗauka ya yi hotunan taro. Ya jera mu, ya ce Hajiya ta ɗan gyara mayafi, ya ce Malam ya saki fuska ai ba kotu ba ce. Da ya zo kaina ya ce, "Malama, ke taki fuskar in bar ta yadda take ko?" Kowa ya yi dariya, har ni.

A mota Malam ya ce na yi aiki, kuma kowane alƙali yana da hoton da ya cire wanda yake bin sa har gida. Nasa tun kafin a haife ni ne. Bai faɗi ko wanne ba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Saƙon Abuja ya zo! Hajiya ta cika alkawari. Kwana huɗu a watan Fabrairu, alƙalai daga ƙasashe uku, sunana a cikinsu. Na amsa kafin in gama karantawa. Inna ta ce yanzu sai kotun ƙoli.

Da rana gobara ta tashi a wata kasuwa. Munir, mai ɗaukar mana hoto, ya dawo da kaya masu yawa. Mafi ƙarfi a ciki: wata mai sayar da atamfa zaune a kan toka, ɗankwalinta ya faɗi, kanta a buɗe, tana kuka. Shafin farko ne, ko makaho ya sani. Akwai wani da ya ɗauka jim kaɗan bayan nan, wata ta yafa mata mayafi tana riƙe da kafaɗarta.

Na tura na biyun. Munir ya zo har teburina yana tambayar dalili. Na ce haskensa ya fi.

Hasken ɗaya ne.