Sawun da na zana a bakin tafki

Daga admin: wani dattijo ne a Zangon Kumasi ya turo wannan da murya, ya roƙi a rubuta yadda ya faɗa, a kuma ɓoye sunansa. Sunayen da ke ciki ma ya ce ba na gaskiya ba ne.

Assalamu alaikum jama'ar wannan guruf, manya da yara. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku hanzarta, don yau Laraba, ranar Juma'a ake jiran amsa daga bakina. Ni tsoho ne, na kusa casa'in, idona ya tafi rabi amma kaina garau yake, wani lokacin har in ce da ma shi ne ya tafi. Nakan saurari matsalolinku ana karanto mini, na miji da mata, na haya, na 'yan uwa, in yi ta dariya ina cewa yaran yanzu ba su da haƙuri. To yau ga ni a layi.

A Zango aka haife ni, kuma ina cikin 'yan ƙalilan da iyayensu suka bari suka yi boko a wancan zamani. Shekarar da ƙasar nan ta samu 'yancin kai na samu aiki a wani gandun daji da ke arewa da Kumasi, inda kurmi yake ƙarewa ciyawa ta fara. Yanzu na ji baƙi har biya suke yi su shiga kallon dabbobi, a lokacinmu ana kan shata iyakarsa ne, kuma ba wanda ya san abin da ke ciki. Sanin nan shi ne aikina. Ina matse ganyaye a tsakanin tsofaffin jaridu in rubuta sunansu, ina cire kaska daga jikin mushe in sa a kwalba, ina ƙirga kashin dabbobi a kan hanya, abin da ya sa babata har ta rasu ba ta yarda ta faɗa wa maƙwabta ainihin aikin ɗanta ba. Amma babban aikin shi ne na sawu. Da yamma mukan share yashin bakin tafki da reshe ya yi sumul, da safe in koma da rula, duk abin da ya taka wajen in auna in zana, gwanki ne, ɓauna ce, gada ce, kura ce. Littafin da nake zanen kowane shafi da lambarsa, ba a yage ko ɗaya, fensirin kuma irin wanda ake lasa ne ya yi shuɗi, ba ya goguwa. Baturen da ke shugabancinmu ya ce komai ya taka yashi a rubuta shi, ko da ƙadangare ne. Kuma gaskiya na iya zane, ba yabon kai ba, har kirana yake yi ya nuna wa baƙinsa littafin.

Wanda ya koya mini dajin kuwa ba Bature ba ne, Yaya Yakubu ne. Shi ma ɗan Zango ne, ya girme ni da wajen shekara goma sha biyar, lebura ne a takarda, amma ya fi kowa sanin daji a sansanin. Ko alif na boko bai sani ba, sai dai ya dubi ƙasa ya ce maka gwankin nan mace ce, tana da ciki, kuma ba ta yi nisa ba. Karaci yake ce mini, yadda ake kiran wanda ya yi makaranta a nan, yana tsokanata wai Karaci da rula yake auna abin da makaho ma zai gane. Ƙafarsa ta hagu yatsu huɗu ne, gatari ya cire masa ƙaramin tun yana saurayi, kuma ba ya sa takalmi, ya ce takalmi yana toshe wa mutum kunne. Ranar da ɓauna ta taso mini shi ya fizge ni ya tura bayan suri. A gidansa nake cin tuwo kafin in yi aure.

Da na yi aure na kawo matata Hadiza sansanin, a nan ta haifi ɗanmu na fari. Kwana huɗu da haihuwa zazzaɓi ya kama ta, jiki kamar garwashi, tana ta surutai ba ta gane ni. Mota sau ɗaya take zuwa a mako, kuma ta riga ta wuce. Yaya Yakubu ya duba ta ya ce akwai wata bishiya da ɓawonta yake sauke irin wannan zazzaɓi, amma wadda ya sani tana can bayan tafki na uku, a yankin da aka hana kowa shiga sai ni da littafina, kuma sassaƙar ɓawon itace a gandun laifi ne na kora. Ni ban san bishiyar ba, kuma ba zan iya barin Hadiza ba. Ni na roƙe shi, ku riƙe wannan da kyau, ni na kama hannunsa na ce Yaya ka taimake ni. Ya tafi bayan sallar asuba, kafin hantsi ya dawo da ɓawon a cikin riga, matarsa ta dafa aka ba ta.

Da ta ɗan samu barci na ɗauki littafi na tafi zagayen da na saba, don kada a ce na yi fashi. Jikina yana bakin tafki amma hankalina yana ɗaki. Hannuna ya riga ya saba, yana aunawa yana zanawa ba tare da ya tambaye ni ba. Sai da na gama shafin na duba, na ga a tsakanin sawun gada da na kura na zana ƙafar mutum ta hagu, tsaf da ita, da awonta a gefe, yatsu huɗu. Na goga da yawu, sai ƙara fitowa ta yi. Na yi tunanin yage shafin, na tuna lamba. Daga ƙarshe na ce wa kaina wa zai damu da shafi ɗaya a cikin ɗari, na rufe na koma gida. Ko shi ban faɗa wa ba, don kunya.

Bayan kwana uku aka tsinci gwanki ya mutu a tarkon waya kusa da wannan tafkin. Baturen ya fusata ƙwarai, ya ce a kawo littafin sawu. Yana buɗewa ya tsaya a shafin, ya juya shi ga ma'aikata, duk sansanin kuwa ba wanda bai san ƙafar nan ba. Aka kira Yaya Yakubu. Bai yi musu ba, ya ce ya je, magani ya je nema, tarko kuwa bai taɓa ɗanawa ba tun da ya kama aikin. Aka ce maganin wa, ya ce nasa ne, cikinsa ke ciwo. Sai Baturen ya juyo gare ni ya tambaya ko na san wani abu game da zuwan nan. Jama'a, Yaya ya dube ni sau ɗaya, ba duban roƙo ba, duba kawai. Na tuna albashina, na tuna jaririna, na tuna yadda ake nuna ni a Zango ana cewa ga ɗan wane ma'aikacin gwamnati. Na ce ban san komai ba, abin da na gani a yashi shi na zana. Har yaba mini aka yi a gaban kowa saboda kyan aiki.

Aka ɗaure shi wata shida. Hadiza ta warke sarai, ta ƙara haifa mini shida, ta rayu har ta ga jikoki, kuma ta koma ga Allah ba ta san abin da maganinta ya ci ba. Shi kuwa ya fito da tari, ya koma Zango, ba mai ɗaukarsa aiki, ya koma dako a kasuwa. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na je in ba shi haƙuri, ban ma gama sallama ba ya ce, "Karaci, bar maganar nan kraa, gaba ɗaya. Kai kana da takarda, in sun kore ka asara ce. Yaya maijego?" Ya sa aka kawo mini koko. Ban iya sha ba. Bai cika shekara biyu ba tarin ya kashe shi.

Ya bar 'ya ɗaya, Ladidi, lokacin ba ta wuce shekara shida ba. Kun san Zango, ba a manta abu. Yara suna ce mata 'yar ɓarawon gwanki, a makarantar allo, a bakin famfo, ko'ina. Da ta girma wani gida sun fasa neman aurenta saboda wannan suna. Uwarta ta rasu da wuri, ita ma iyakar saninta mijinta ya ɗebo magani, ba ta san an tambaye ni na ƙi faɗa ba, kuma ta ji tsoron buɗe baki kada a ce da ita aka haɗa. Ni na tsaya wa Ladidi, ni na zama waliyyinta da ta samu miji, mutane suna ta cewa ka ga amini na gaskiya, abokinsa ya yi abin kunya amma bai yar da 'yarsa ba. Ina jin wannan yabo ina cewa ai yi wa kai ne. Shekara sittin da wani abu ina karɓar wannan yabo, ban taɓa shaƙewa ba.

Yanzu ta zama Hajiya Ladidi, ta haura saba'in, tana zaune a unguwar Sofoline. 'Ya'yana na cikina biyu suna waje, ɗaya yana nan unguwar Atonsu amma sai in yi wata ban ga ƙeyarsa ba, sauran kowa da hidimarsa, ban ce ba sa yi mini ba, suna aiko abin da ya sawwaƙa. Amma wadda take hawa mota da ciwon gwiwarta duk Juma'a ta kawo mini tuwon zafi da miyar ayoyo, ta yanke mini farce, ta yi mini faɗa in na ƙi shan magani, ita ce. Baba take ce mini. Ta taɓa cewa Allah ya ɗauke mata uba ɗaya ya ba ta wanda ya fi shi, na ce mata kul, kada ta ƙara faɗin haka, ta ɗauka tawali'u ne.

Abin da ya taso da maganar shi ne, ranar Lahadin da ta wuce matar ɗanta Nuhu ta haifi namiji. Nuhu ya ce sunan kakansa zai sa, Yakubu, don a duk zuriyar ba wanda aka taɓa sa wa. Hajiya ta ce ba da ranta ba, ta ɗauki kunyar sunan nan tun tana yarinya, ba za ta ɗora wa jariri ba. Suka yi ta sa-in-sa har Nuhu ya ce mata ita ma ai ji ta yi ba gani ba, ta yi kuka, ta ce in ya sa sunan ba za ta taka gidan ba ranar suna. Dangi suka shiga tsakani, aka rasa mafita, sai wani ya ce ai akwai mutum ɗaya da ya rage a duniya wanda yake wurin, a tambaye shi. Jiya suka zo su biyu, ita da Nuhu, suka zauna a kan tabarmata. Nuhu ya ce duk abin da na faɗa ya yarda. Na ce kaina yana ciwo, su ba ni zuwa Juma'a. Ƙarya na yi, ba kaina ke ciwo ba.

Na juya abin ta ko'ina. In na ce ban tuna ba, za su yarda, tsufa ai ba laifi ba ne, a sa wa yaro wani suna, ni kuma in tafi kabari da hakkin mutumin da ya rufa mini asiri har ya mutu. In na faɗi rabi, na ce ba ɓarawo ba ne in tsaya nan, za ta tambaye ni yaya aka yi na sani, kuma me ya hana ni faɗa tun tuni. In na faɗi duka, na wanke shi, amma na gaya wa tsohuwa mai hawan jini cewa shekarun nan duka ta tsani ubanta a banza, tana kuma dafa wa wanda ya jawo mata hakan tuwo da hannunta. Ba zan ɓoye muku ba, ina tsoron rasa ta, ina tsoron Juma'a ta zo ƙofar nan ta yi shiru. Kuma ban san ko faɗar don ita ce ko don in sauke nawa kayan a kanta in mutu da sauƙi ba. Wannan shi ya fi damuna.

Da za su tafi jiya, Nuhu ya riga ya fita, ta dawo ta durƙusa da ƙyar a gabana ta ce, "Baba, in ka ce ɓarawo ne ba zan ji komai ba, na saba paa, sosai ma. Amma in ka ce ba shi ba ne, to akwai wanda ya sani ya yi shiru. Ka faɗa mini ko waye, ko ya mutu ina so in san sunansa, don in san wanda zan tsaya da shi gaban Allah." Ta gyara mini bargo a ƙafa ta tafi.

To jama'a, malamai da ke cikin nan, da ku mata da kuka san zuciyar 'ya mace game da ubanta, don Allah ku gaya mini. In faɗa mata ita kaɗai, ko a gaban Nuhu, ko in tara dangi? In bari sai bayan suna, ko kafin? Kada ku tausaya mini saboda tsufa, wanda zai zage ni ma ya zaga, na cancanta. Abu ɗaya kawai na kasa, na gwada shi a bakina ni kaɗai a ɗaki ya fi sau ashirin tun jiya, kuma har yanzu bai fito ba. Ta yaya zan dubi Ladidi in ce mata ni ne?