Murjanin Ɗakin da Ba a Buɗe Taga

Damba, Gusau.

Zuwa ga Na-Bungudu, a Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta maigidanka da ta duk waɗanda kuke sa hannu a kwano ɗaya. Mu nan lafiya lau muke, sai zafi da ya shigo da ƙarfinsa. Ƙannenka suna gaishe ka. Takardar nan za ta iso maka ta hannun maniyyatan unguwarmu. Ni na rubuta ta da kaina, in ka ga layi ya karkace kada ka zargi kowa.

Na ba Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci izini ta karanta wa mata kafin a rufe ta, in ta ga dama ma ta kai inda za a buga. Ka san dalili. Maganar da na yi maka a kaset ɗin da maƙwabciyarmu Hajiya Kulu ta kai maka da azumi, ba a ɓoye na yi ta ba. A tsakar gida aka ajiye rikoda, Baffanka Alhaji Garba yana zaune, Gwaggonka Asabe ta zo daga Tsafe, maƙwabta sun cika ƙofa. A gabansu na ce Baffanka ya samar maka gurbi a ma'aikatar gona, tunda Gusau ta zama babban birnin jiha ana neman 'yan ƙasa masu takarda. Na ce in Babbar Salla ta wuce ba ka dawo ka karɓa ba, ban yafe ba. Tunda kunnuwa da yawa sun ji farkon maganar, ina so su ji ƙarshenta.

Na ji amsarka. Ka ce, "Inna, in kika sake cewa in taho, ko takalmi ba zan tsaya nema ba." Ka roƙi abu ɗaya, in saurari yadda aikin yake kafin in yanke. To, na saurara.

Ka san ni da ruwa. Ko gulbin Bungudu in ya cika da damina ba na son in tsaya kusa da shi, balle teku da aka ce ba a hango ɗaya gaɓar. Tun da aka ce min aikinka ya haɗa da teku, in na ji labarin jirgin ruwa a rediyo sai tuwo ya fita raina. Kuma in mutane suka tambaye ni sana'arka ba ni da abin faɗa. In na ce kana zuba ruwan teku a akwatin gilashi kana kiwon murjani a gidajen mutane, sai a dube ni kamar na yi zazzaɓi. Gwaggonka ta kan ce, "Ɗiyan wasu na tuƙa mota, naki shina can shina ba dutse ruwa."

Bari in ba ka labarin tsarabarka, ka yi dariya. Da Hajiya Kulu ta dawo ta miƙo min kaset ɗin amsarka da wani gwangwani, a ciki ga ɗan reshe fari fat an naɗe da auduga, tsawonsa bai fi yatsana ba, duk jikinsa ƙananan ramuka. Ta ce ta ji kana cewa abin nan rai gare shi. Rikodar kuwa ta Baffanka ce, ya kulle ta a ɗaki ya yi tafiya. Sai na ɗauko sabuwar tasa na cika da ruwan randa, na barbaɗa gishiri tunda an ce ruwan teku gishiri gare shi, na sa reshen a ciki, na ajiye a gindin mangwaro. Kullum da safe in canza ruwa, in kore kaji, in leƙa ko ya yi tsiro. Gwaggonka ta ɗaga shi ta jujjuya, ta ce, "Wanga ƙashi na. Murjani ja ne, na sa shi a wuyana tun ba ki yi haƙori ba." Ta so ma in ɓanto mata kaɗan ta daka wa jikanta mai fitar haƙori, na hana.

Da Baffanka ya dawo aka kunna kaset, sai ga muryarka kana cewa reshen nan matacce ne, ƙashin kawai ka aiko don in ga siffarsa. Gwaggonka ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Ni ma na yi, amma na matsa kusa da rikodar, don a nan ka fara bayani.

Ka ce jan da muke sa wa a wuya ɗan'uwansa ne, amma naku daban. Ka ce abin da ke kama da dutse gida ne, masu gidan kuwa 'yan halittu ne ƙanana da ke zaune a ramukan nan, suna fito da kai kamar furen gero in sun sami natsuwa. A jikinsu kuma akwai wani ɗan tsiro da ido ba ya gani, shi ke shan haske ya ciyar da su. Shi ya sa in haske ya gaza sai su rame a hankali, in ya yi musu yawa farat ɗaya sai su yi fari su mutu. Na dinga cewa Subhanallahi. Na haihu, na aurar, ban taɓa sanin Allah Ya yi dabbar da ke da gona a cikin jikinta ba.

Ka ce wanda ka aiko min irin mai kama da ƙahon barewa ne, wanda kowa ke so saboda launinsa. A teku can sama yake zama inda rana ke dukansa, don haka sai da fitila mai ƙarfi yake rayuwa. A shekararka ta farko ka sa shi a akwatin da doguwar fitila ce kawai a kansa, irin ta ofis, kana kallo ya dushe har ya zama abin da ke cikin tasata. Ka ce tun daga nan ba ka fara duba kyau, sai ka fara tambayar masu nutso daga wane zurfi suka ɗauko. Na ƙasa, masu launin ƙasa-ƙasa kamar ƙosai, su suka saba da inuwa. Ka kira min mai rassa kamar yatsu, da mai sirara da suka sarƙe kamar sheƙar tsuntsu. Ka ce waɗannan suna haƙuri in aka ɗora su can sama kusa da fitila, wani ɗan inji yana kaɗa musu ruwa. Wanda ya fi su duka haƙuri shi ne mai rassa gajeru, kowane reshe da baki a kansa kamar kakaki, don shi har abinci ana sa masa a baki. Kuma ko a cikin masu haƙurin, kana juya gindin ka duba, in ka ga fari ya fara hawa daga ƙasa sai ka mayar.

Baffanka ya ce duk wannan surutu ne, ofis ofis ne. Ni kuwa sai na tuna lambun kakanka a fadamar Bungudu. Kana ɗan shekara nawa ma, tsawonka bai kai ƙugun kakarka ba, aka ba ka dashen barkono ka dasa. Sai ka ƙi sa su a gindin mangwaro inda aka nuna maka, ka tono gwaza ka kawo nan, ka kai barkonon fili. Kakarka ta tsaya da sanda a hannu, ta duba ta duba, ta ajiye sandar. Ta ce, "Wanga yaro shina tambayar shuka inda take so." Ni kuwa na kau da kai na ci gaba da aikina. Ka san ɗan fari ba a yabonsa a fuska. Amma na koma ɗaki na yi murmushi ni kaɗai.

A ƙarshen kaset ɗin ne ka kawo maganar wani dattijo. Ka ce matarsa ta daɗe a kwance, ciwon ya taɓa idanunta, ba ta iya jure haske, tagar ɗakinta kullum a rufe da labule mai kauri. 'Yar masunta ce, a bakin teku ta girma, yanzu ko ƙofar gida ba ta kaiwa. Mijin ya zo shagonku ya ce a kawo mata teku ɗaki. Maigidanka ya ce a zuba kifi da rassan roba a huta, kai ka ce a ba ka lokaci ka gwada da masu rai. Ka ce aikin ba ya son gaggawa, reshe ɗaya ake sawa a jira a ga ko ya karɓi wurin kafin a ƙara wani, kuma in ka tafi yanzu babu wanda ya san halin kowanne a akwatin.

Ban yarda da kaset kaɗai ba, ka san halina. Na tafi gidan Hajiya Kulu na zauna na ce ta faɗa min abin da idonta ya gani. Ta ce ka tafi da ita gidan, don matar ta ce tana so ta gaisa da mutuniyar garinku. Ta ce ɗakin duhu ne kamar bayan magariba, sai akwatin nan a gefen gado da ɗan haske shuɗi-shuɗi. Ta ce ka naɗe hannun riga har kafaɗa, ka sa hannu a ruwa, ka matsar da wani reshe kaɗan, abin da bai fi faɗin ɗan yatsa ba, ka koma ka tsuguna kana kallo har ta ɗauka ka manta da su. Matar kuma daga kan matashi tana nuna mata rassan ɗaya bayan ɗaya, wai duk ta raɗa musu sunayen 'yan'uwanta. Hajiya Kulu ta ce, "Ni dai ban ji Larabcinsu ba, amma na ga tsohuwa ta yi dariya har dasashi."

Na dawo gida ban iya ɗora tukunya ba. Ba ka nan lokacin jinyar mahaifinka ta ƙarshe, kana makaranta, mun ɓoye maka tsananin abin. Shi ma a ƙarshe ba ya son haske, mun toshe taga da tabarma. Damina guda ya yi a ɗakin nan yana kallon bango. Akwai wata tsaka da ke fitowa daga bayan agogo, ita ce abokiyar hirarsa. In na shigo da kunu sai ya ce, "Yau baƙuwata ta makara." Na yi masa wanka, na juya shi, na jiƙa magani, duk abin da hannu ke iya yi na yi. Amma bai taɓa zo min a rai ba cewa idon majinyaci ma yana jin yunwa. Kai da ba ka ga ɗakin ba, kai ne ka gane.

To ka saurara, kuma duk wanda ake karanta wa takardar nan ya zama shaida. Kalmar da na faɗa a kaset na janye ta. Na yafe maka duniya da lahira, babu komai tsakanina da kai sai albarka. Ka zauna ka ƙarasa wa baiwar Allah nan aikinta. In ka gama kuma ka ga sana'ar ita ce taka, ka riƙe ta da kyau. Jiya bayan la'asar na hau kabu-kabu na je gidan Baffanka na faɗa masa da bakina, na ce ya ba wani gurbin. Ransa ya ɓaci, ya ce irin wannan dama ba ta dawowa, kuma wata rana zan tuna ya faɗa. Mai yiwuwa gaskiyarsa ne. Ka rubuto masa ka ba shi haƙuri da godiya, don ya sha zirga-zirga a kanka, kuma don ƙauna ya yi.

Kada ka ɗauka tsoron ya tafi. Yana nan inda yake, na dai daina ɗora maka shi ne. Ka ce ba kai ke nutso ba, kana tsayawa a jirgi ne kawai kana zaɓe. Na ji, amma ko a jirgin ka zauna a tsakiya, kada ka leƙa. In ka ga sama ta canza ka ce ba ka zuwa, ko wa ya aike ka. Hajiya Kulu ta ce fatar hannunka ta tsattsage saboda gishiri, na sa man kaɗanya a cikin saƙon nan, ka riƙa shafawa bayan ka wanke da ruwan daɗi. Akwai kuma yajin daddawa da ƙuli-ƙuli, ka ɗiba ka ba abokan zamanka. Ta ce ka rame. Ka ci abinci.

In ka koma gidan, ka durƙusa ka gaishe min da matar nan. Ka ce wata mata a Gusau, wadda ba ta taɓa ganin teku ba, ta ara mata ɗanta.

Allah Ya ba ta sauƙi, Ya saka wa mijinta da alheri. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya haskaka masa makwancinsa. Kai kuma Allah Ya tsare min kai a tudu da ruwa, Ya sa albarka a hannunka, Ya raya abin da ka dasa, Ya haɗa fuskokinmu da alheri a lokacin da Ya so. Amin.

Ni ce Innarka.