Mahaucin Majigi

Rogo, 1956

Yaya Jibo,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiyar Kaduna?

Tun shekaranjiya na kasa zama. Wani ɗan tireda ya ga majigi a Karaye: hoton zane mai motsi, na wani ƙazamin mahauci, ƙuda na bin sa buu. Ya rantse kalangun da mahaucin ke takawa taken maigidana ne, Sarkin Fawa, kuma kiɗan hannunka ne. Ran kasuwa mai zuwa motar majigin za ta iso Rogo. Wa zai ƙara sayen namansa? Ni kuma da wane ido zan dube shi? Yaya, me ka yi?

Ƙanwarka, Laure

Kaduna

Laure,

Bayan gaisuwa, ki kwantar da hankalinki, ko da yake ni ma nawa a tashe yake. Baturen da ke shirya majigin cewa ya yi in kaɗa abin da mahauci zai yi tafiya da shi. Hannuna ya tafi ga taken mijinki Mijinyawa, don shi na fi kaɗawa tun bikinku. Lokacin ko zanen ba a yi ba. Sautin suka fara ɗauka, sannan masu zane suka bi shi, kowane bugu da takunsa, kowace girgiza da kaɗa kafaɗa. Na roƙa a sauya, suka ce sai dai a sake zanen dungurungum.

Amma na shawo kan mai majigin. A Rogo zai kashe sautin, ya yi bayani da baki. Beben mahauci ba ya zagin kowa.

Ki gaishe da maigidan. Allah ya rufa asiri.

Yayanki, Jibo

Karaye

Yaya,

Ina gaisuwa.

Mai majigin ya kashe sautin a Rogo kamar yadda ka ce. Mahaucin ya fito shiru, na ce alhamdu lillahi. Taku uku ya yi, sai wata tsohuwa ta fara tafi tana bin ƙafarsa. 'Yan fawa suka ɗauka. Kafin ya kai bakin rumfarsa, filin nan kaf yana tafa taken, ana waiwayen maigidan ana dariya. Maigidan ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya bar filin.

Aikinku ya yi kyau, Yaya, ko bugu ɗaya bai kuskure ba.

In za ka ba da amsa, ka aiko Karaye. Ina ɗakin Inna da kayana.

Laure