Silin Gashina da Ƙwan Kwaɗo

Buza, daren Laraba, tsakiyar damina

Ranar Lahadi maigida ya ce, "Ramatu, ba ni silin gashinki guda." Na ɗauka a aljihu zai adana shi, kamar mazan cikin littattafaina. Har kunya na ji.

Ashe ƙwan kwaɗo ya kwaso daga tabki cikin kwano, ya ɗaure ɗaya da gashin har ya rabu biyu, wai gwaji yake yi saboda ɗalibansa in an koma lakwal, wato makarantar boko.

Yau ya kira ni, ya miƙo mini madubin ƙara girma. Ya ce kowane ƙwai yana da ɗan tabo ruwan toka, ta nan baya da kai suke somawa. Rabin da ya samu tabon ya miƙe, har yana motsi. Ɗayan kuwa ƙullutu ne, ba kai ba baya.

"Kin gani? Ɓarin da kika yi watan jiya ma haka yake. Bai zama mutum ba, ki bar kukan nan."

Yana murmushi ya faɗa. Ni kuwa har suna na zaɓa wa ɗana.

Da ya tafi la'asar na juye kwanon duka gaban kaji, har da mai motsin. Na tsaya a kansu sai da suka tsince tas.