Ruwan Wankin Jikana

'Yata,

Ina gaisuwa. Yaya ƙarfin jiki, yaya maigidanki? Albishir ɗin haihuwa ya same ni cikin kwalekwale, saura kaɗan in kifar da masu gwajin ruwan da nake tuƙawa. Allah ya raya mana shi.

Lafiyata lau, gwiwa ce kawai take gunaguni.

Masu gwajin sun nuna mini a madubinsu mai ƙara girman abu ƙananan tsirran da 'ya'yan kifi ke ci. Ruwan kwatar sababbin gidaje ya sa tsirran suka yi yawa har suka shaƙe kifin. Tun da aka gyara kwatar, kifi yana dawowa.

Saboda haka kada ki zuba ruwan wankin jikana a koginmu. Ina so ya tarar da kifi ranar da zan koya masa jefa fatsa.

Babanki, da hannunsa.